Ranar da Yaya Ya Hana Jirgi Tashi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Wana ya riga ni tafiya, kamar yadda ya riga ni a komai tun daga nonon Inna. Ranar Talata bayan azahar muka kai shi makwancinsa a Karofi, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Mutanen Kuki sun zo a kan babura, uku-uku. Na Rawayau sun ciko mota guda. Wasu tsofaffi biyu da suka yi aiki da shi a Zariya sun zo da sanduna, suka zauna gefe suna share ido da bakin riga.

Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai gaskiya." Daga nan sai a yi ɗan shiru kafin a ce amin. Na san shirun nan. Shekaru ina jinsa duk inda aka ambaci wana.

Rana ta biyu, wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya karkata wajen na kusa da shi. Yana zaton kunnena ya mutu. Ni ma nakan bar mutane su zaci haka, don ana jin abubuwa da yawa. Ya ce, "Allah dai ya yafe mashi shekarar tsuntsaye. Da bai kafe ba, da mun ci maiwarmu."

Na kusa da shi ya ce, "Amin. Taurin kai ne, ba mugunta ba."

Wannan amin ɗin ce ta sa na ɗauki biro. Ni ba mai karatu ba ne. Aji uku na yi, malamin da ni muka yarda cewa ɗayanmu ya bar ɗakin, kuma shi ke da albashi. Sana'ata gyaran keke da facin taya a bakin kasuwa. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara da kansa. Amma ba zan zauna ana roƙa wa wana gafarar laifin da bai yi ba.

Tun yana saurayi Yaya ya tafi Zariya. Da shara ya fara a rumfar da ake gyaran ƙananan jirage, har ya kai matsayin wanda in ya ce wannan ya tashi, ya tashi, in ya ce a'a, sai a mayar da shi ciki. Da ƙarfinsa ya ja baya ya dawo gida ya kama fartanya. Har ya mutu Auta yake ce mini, alhali gemuna ya fi nasa fari.

Magana ɗaya gare shi, kowa a Karofi ya haddace ta: "Ban taɓa ba, ban sani ba." In matarsa ta aike shi sayen tukunya, sai ya ƙwanƙwasa goma kafin ya ɗauki ɗaya. Ranar da mai neman 'yata ya zo gaisuwa, Yaya ya bar shi durƙushe, ya tafi ya tsuguna gaban babur ɗinsa yana girgiza ƙafar gaba. Da ya dawo ya ce, "Je ka gyara birki, sannan mu yi maganar aure. Ba zan ba ka mutum ka ɗora a kan wancan ba." Ya je ya gyara. Shi ne wanda ya fi mu kuka a maƙabarta.

Injin niƙan matan unguwa, injin ban-ruwan masu noman rani a bakin dam, duk shi ke duba su, kuma in ka matsa sai ya karɓi wani abu, ƙwaryar fura ce iyaka. Amma ka ce ya ɗan lallaɓa maka ka kai gida, gobe a yi na gaske, to kun ɓata. Zai tattara sufanunsa, ya goge kowanne da tsumma, ya tafi.

Rigimarmu ta kullum a kan guduma ce. Ni duk abin da ya lanƙwashe, bugunsa nake har ya miƙe: ƙafar keke, kan keke, bakin shebur. Yaya in ya wuce rumfata ya ji ƙarar, sai ya tsaya.

"Auta, ƙarfen da ka lanƙwasa ka miƙe ya riga ya gaji. A ido ya miƙe, a ciki yana jiran ranarsa."

"Yaya, keke ne fa, ba jirgi ba. In ya karye, ƙasa na kusa."

Ya kaɗa kai ya wuce. Shekara da shekaru muna wannan, ni ina ganin na fi shi baki.

Sai shekarar tsuntsaye. Maiwa ta yi kyau a wannan damina irin kyan da tsofaffi suka daɗe ba su gani ba. Tana fara ido sai ga jan-baki, garke bayan garke, in sun taso daga fadama har inuwa suke yi. Muka buga gwangwani, muka ɗaura ledoji, muka yi ihu har murya ta dushe. Tsuntsayen nan ko a jikinsu. Da aka ce za a turo jirgin feshi, har liman sai da ya yi murmushi a kan mumbari.

Ya zo da la'asar, ɗan ƙarami, mutum ɗaya a ciki, yana bin fadama ƙasa-ƙasa inda suke kwana. Zagaye na biyu ya haɗu da wayar wuta da ta ratsa tsakanin falwaya biyu. Allah ya taimaki matuƙin da lalacin masu wuta, don wayar nan ta fi wata uku ba ta ga lantarki ba. Muka ji ƙara kamar an tsinka tsirkiya, injin ya yi tsit, jirgin ya sauko yana tangaɗi ya zauna a gonar waken mai unguwa, da waya nannaɗe a hancinsa. Matuƙin ya fito da ƙafarsa, goshi a fashe. Aka sa shi a mota zuwa asibitin Dutsin-Ma.

Yaya ba ya gari. Ya tafi Kurfi sunan jikarsa, sai washegari.

Da safe mai unguwa ya tara mu. Ya ce baƙo ya faɗo a ƙasarmu don taimakonmu, abin kunya ne ya dawo ya tarar da abin hawansa cikin laka da ganyen wake. Mata suka ɗebo ruwa. Aka warware wayar aka naɗe ta tsaf. Aka wanke jirgin nan da sabulu da soso tun daga hanci har wutsiya, yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Daga nan kowa ya ɗauki fartanya aka tafi share tsohuwar hanyar jan ƙasa, inda zai yi gudu ya tashi.

Ni na tsaya a baya. Farfelar jirgi, wato fankar da ke hancinsa, dama a murɗe ake ƙera ta, don haka ba wanda ya lura. Amma ni da na ƙare rayuwata cikin lanƙwasassun ƙarafa, na ga bakin hannu ɗaya ya karkace baya kamar kunnen akuya, wajen faɗin yatsa uku. Zuciyata ta ce, Auta, yau ranarka ce. Gari duk ya ba da ruwa da sabulu, kai za ka ba da sana'a.

Na koma rumfa na ɗauko guduma. Na tokare bayan farfelar da kututturen itace, na naɗe kan gudumar da tsumma don kada ta bar tabo, na bi ta a hankali kamar mai lallashin jariri. Na goge da magagari. Na shafa baƙin fentin da nake yi wa kekuna. Na ja baya na duba. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Na yi niyyar in ya tashi lafiya, sannan in faɗa wa Yaya, in ga fuskarsa.

Wajen azahar jami'in da ya kawo aikin feshin ya iso da matuƙin, kai a ɗaure. Jami'in ya zagaya jirgin yana ɗaukar hoto da waya, ya tura wa injiniyansu a Kaduna. Amsa ta dawo cewa a hoto dai ba a ga ɓarna ba, a tayar da injin, in sautinsa daidai ne a tashi. Mutane suka yi ta hamdala. Tsuntsaye kuwa suna can suna aikinsu a gonaki, muna jin hayaniyarsu.

A nan ɗan acaɓa ya sauke Yaya, da babbar rigar suna a jikinsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon jirgin.

"Wa ya wanke shi?"

Mai unguwa ya gyara tsayuwa. "Mu ne, Malam. Gari duka."

"Wayar fa?"

"Ga ta can, mun naɗe."

"Ina ta fara taɓawa? Ina ta bi? Ina ta tsaya?"

Muka kalli juna. Wani ya ce ta sama, wani ya ce ta ƙasa.

Yaya ya ce, "Sannunku da aiki. Kun wanke shaida."

Ya juya wajen matuƙin ya faɗa masa inda ya yi aiki da shekarun da ya yi. Matuƙin ya ɗan rusuna. Yaya ya ce, "Ɗana, makullin na aljihunka?"

"Yana nan, Baba."

"Bar shi nan. Injin, kai ka kashe shi ko shi ya tsaya?"

"Shi ya tsaya, Baba. Lokaci guda."

Yaya ya juya. Ya tsallaka gonar da ke gefe ya tsinko auduga, ya dawo ya bi da ita kan siraran wayoyin da ke juya wutsiya. A wuri ɗaya audugar ta maƙale ta bar zare. Ya nuna wa matuƙin. Ya kama wutsiyar ya girgiza, kunnensa manne da jikin jirgin. Ya shiga ƙarƙashi da rigar sunan nan, ya fito duk laka.

Sannan ya ce a kawo masa turmi da karan dawa. Mutane suka fara dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, daka za a yi mashi?" Ya kafa turmin gaban jirgin, ya ɗaure karan a jikinsa yadda tsininsa ke shafar bakin farfelar. Ya juya ta da hannu a hankali. Hannu na farko ya zo ya shafi karan. Ya ci gaba da juyawa. Hannu na biyu, wanda na yi wa aiki, ya zo ya wuce bai taɓa ba. Yaya ya sa ɗan yatsansa a tsakani, ya shiga.

Ya shafa bayan farfelar da babban yatsa, sama da ƙasa, ido a rufe. Ya kai yatsan hancinsa ya shinshina. Sai ya ɗago kai, ya bi taron nan da ido har ya same ni, can bayan mai unguwa inda nake ƙoƙarin zama ƙarami. Kallo ɗaya ya yi mini. Ya san warin fentina kamar yadda ya san muryata.

Ya ce, "Ba zai tashi ba."

Jami'in ya matso. "Baba, da wace takarda kake magana?"

"Takardata ta mutu tun ranar da na bar aiki. Hannuna bai mutu ba."

"Injiniyanmu ya duba ya amince."

"Hoto ya duba, hoton wankakken jirgi. Ni na taɓa."

"To ka sani, wannan kayan hukuma ne. Duk wanda ya sa masa hannu ba da izini ba, ofishin 'yan sanda zai kwana."

Yaya ko kallona bai sake yi ba. Ya ce, "To ni na sa, kowa ya gani. A kai ni."

Maƙwabcin gonarmu, wannan dai da na ji a zaman makoki, ya shigo tsakani. "Haba Malam. Saboda faɗin yatsa guda? Maiwarka ma tana ciki fa. Ba ka jin su?"

"Ina jin su. Kai za ka hau?"

"Ni ba matuƙi ba ne."

"To shi ma ɗan wani ne."

Ya tuɓe babbar rigar, ya shimfiɗa ta a ƙasa daidai gaban farfelar, ya zauna ya harɗe ƙafa. Aka yi ta magana a kansa. Mai unguwa ya roƙa, liman ya roƙa, jami'in ya yi ta buga waya yana nuna shi da yatsa. Yaya ya yafito matuƙin, ya yi masa magana a kunne. Daga baya na san abin da ya ce: "An bugi wannan da guduma. Kada ka tambaye ni wa." Matuƙin ya je ya juya farfelar da kansa sau biyu, ya sa nasa yatsan a gurbin. Ya shafa aljihun da makullin yake, ya ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, ni dai ba zan tashi da shi ba."

Bayan mako guda aka zo aka cire fukafukan, aka ɗora jirgin a tirela. Wani jirgin bai zo ba sai da aiki ya riga ya ƙare. Tsuntsaye suka ci maiwar Karofi har ta Yaya, suka bar mana kara tsaye. Wannan shekara an sha wuya, ba zan ɓoye ba. Akwai gidajen da suka sayar da awakinsu kafin rani ya raba.

Kuma duk a kansa aka sauke. Aka ce ya sayar da abincin gari da faɗin yatsa. Aka ce hassada ce, don ba shi aka fara tambaya ba. Matarsa ta je biki aka tashi aka bar mata tabarma. Wasu suka daina kawo masa injinsu, har sai da ya lalace musu sosai, sannan su aiko da shi ta hannun wani. Ya gyara, bai tambayi na wane ne ba, don ya sani.

Ranar da tirela ta tafi ya zo rumfata. Bai yi sallama ba.

"Ɗauko ta."

Na miƙa masa gudumar.

"Yaya, don Allah, da ban buga ba, da ya tashi?"

"Da bai tashi ba. Injin da waya ta tsayar lokaci guda, sai an buɗe cikinsa. Amma da ka bar ta a lanƙwashe, da hoton ma ya nuna, da ba wanda ya yi gardama. Ba ɓata jirgin ka yi ba, Auta. Ɓoye ciwonsa ka yi. Saura kaɗan ka kashe mutum da kirki."

Na ce zan je wurin mai unguwa in faɗi gaskiya.

"Ka faɗa, su kai ka ofis, in zauna da iyalinka? Ko su ƙone rumfar nan? Mutane na jin yunwa, suna neman wanda za su zaga. Ni na iya ɗauka. Kai ko tsawa aka yi maka sai ka yi zawo."

"Yaya, sunanka fa."

"Sunana nawa ne. In ka buɗe baki ina raye, ni da kai."

Ya tafi da gudumar. Na yi shiru, kuma kada in yi wa kaina ado: ba biyayya kaɗai ba ce, har da tsoro. Shirun ya yi mini daɗi. Ina zaune a majalisa ana cin namansa, ni ina facin taya kamar kurma. A nan na koyi kurumtar.

Na san abin da za ku tambaya. To da aka buɗe injin, me aka samu? Ban sani ba. Ba wanda ya aiko mana da takarda. Na taɓa tambayarsa ko yana son sani. Ya ce, "Ko sun same shi lafiya lau, a ranar dai ba mu sani ba. Ba a ɗora mutum a kan abin da ba a sani ba." Abin da na sani shi ne matuƙin yana raye. Ya bugo waya ya yi mana gaisuwa, ina jin hayaniyar 'ya'yansa a bayansa.

Da safen addu'ar uku matar Yaya ta kira ni cikin gida. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonsa. "Ya ce in ya tafi a ba ka kayanka. Ya ce yanzu bakinka naka ne."

Gudumata ce. Tsumman da na naɗe kanta da shi yana nan, da baƙin fenti a jiki.

Na fito da ita. Na bari liman ya shafa fatiha, kafin mutane su fara neman takalma na ajiye ta a tsakiyar tabarma, gaban maƙwabcin gonarmu. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Na ce, "Kun wanke, ni na buga, shi ya gani. In akwai wanda za a roƙa wa gafara a shekarar tsuntsaye, ga shi zaune yana numfashi. A fara da ni. A bar wana ya huta."

Maƙwabcin ya ɗauki gudumar yana juya ta. "Auta, ashe kana ji?"

"Tun jiya. Tun shekarar ma."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ku. Da me za ku yi mini?"

Ya ajiye ta a hankali, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai gaskiya." Na kasa kunne sosai. Amin ta biyo nan take, ba a bar wa shirun nan wuri ba.

Na san akwai waɗanda har gobe za su ce faɗin yatsa bai kai rumbu ba. Su je su hau. Allah ya sa kabarinka ya fi rumfar Zariya faɗi, Yaya, Ya karɓe ka yadda ka karɓi zagin da nawa ne.

Gudumar tana rataye a rumfata, ban sake buga komai da ita ba. Jiya wani ya kawo keke da kai a lanƙwashe, na ce ya sayi sabo. Ya ce in ɗan lallaɓa masa ya kai gida. Na ƙi. Ya tura kekensa yana cewa tsufa ya sa na zama wana.

Ina ma.